Shekara biyu ina aikin sa-kai a ƙungiyar masu yanka duwatsun ado a Arizona

Akwai wata tsakiya ja guda ɗaya da na gada daga kakata, irin doguwar nan mai kusurwa-kusurwa da tsofaffin mata ke zurawa a tsakiyar dutsen wuya, kuma tun kafin ta zo hannuna gefenta ɗaya ya ɓalle. Ita ce ta kai ni ƙofar ƙungiyar da nake son yin bayani a kanta. Da farko na kai ta wani shagon zinare a garin da nake zaune a jihar Arizona ta Amurka, mai shagon ya jujjuya ta a tafin hannunsa, ya ce su ba sa taɓa irin wannan dutse, amma akwai wasu mutane da ke taruwa a wani gini a gefen gari waɗanda ba su da aiki sai yanka duwatsu da goge su. Na je da niyyar in biya a gyara mini in kama gabana. Yau shekara biyu ke nan da 'yan watanni ina riƙe da ɗaya daga cikin mabuɗan wurin, ina buɗe shi Asabar biyu a kowane wata ba tare da an biya ni ko sisi ba, kuma ina ganin na daɗe a ciki yadda zan iya faɗin alherinsa da aibinsa bisa abin da idona ya gani.

Irin wannan ƙungiya ba baƙon abu ba ce a Amurka. Garuruwa da yawa suna da tasu, kuma akasarinsu suna ƙarƙashin wata uwar ƙungiya ta ƙasa baki ɗaya mai suna American Federation of Mineralogical Societies, wadda aka kafa a 1947. Dalilin haɗuwar a fili yake. Injinan yanka dutse da na goge shi suna da tsada, suna da ƙara, suna fesa ruwa da mai, don haka mutumin da ke zaune a gidan haya ba shi da inda zai ajiye su. Sai jama'a su haɗa kuɗi su saya, su kama hayar wuri, kowa ya biya kuɗin zama mamba sau ɗaya a shekara, sannan ya ƙara ɗan abin da bai taka kara ya karya ba a duk ranar da ya zo aiki. A tamu, kuɗin shekarar bai kai abin da iyali ɗaya ke kashewa a cefanen mako guda ba. Abin da sabon shiga ba ya saurin lura da shi shi ne tushen wannan araha: babu ma'aikaci ko ɗaya mai albashi. Mai koyarwa da mai gyaran inji da ma'aji da mai goge daɓe duk mambobi ne da suka ba da lokacinsu. Wanda ya biya rajista yana zaton ya sayi hidima kamar yadda ake saye a shago, zai sha mamaki ranar da ya tarar da ƙofa a kulle saboda mai buɗewa na wannan ranar ya tashi ba shi da lafiya.

Ɗakuna uku ne a ginin, na zarto a can baya, na guga a tsakiya, sai na azurfa kusa da ƙofar shiga. Ba a barin kowa ya taɓa inji sai ya yi darasin farko, ko da kuwa ya rantse ya iya. Darasin shi ne na kaboshan, wato dutsen da aka shafe ƙasansa aka bar samansa da tudu kamar rabin ƙwai, irin wanda ake ɗorawa a kan zobe. Ana ba mutum yankakken dutse mai kaurin kimanin milimita 6, ya zana siffar da yake so a kansa da tsinken alminiyam, yawanci siffar ƙwai mai faɗin milimita 30 da tsawon 40, ya rage gefuna da ƙaramin zarto, sannan ya manna shi a kan ɗan guntun sanda da narkakken kaki domin ya sami abin riƙewa. Daga nan sai ya zauna gaban inji mai fayafai shida a jere, ruwa yana ɗiga a kan kowannensu. Fayafan suna ɗauke da garin daimon, kuma kowanne yana da lambarsa: 80, 220, 280, 600, 1200 da 3000. Gwargwadon girman lamba, gwargwadon laushin faifai. Biyun farko suna cin dutse su fitar da tudun, sauran huɗun suna share karcen da na gabansu ya bari, a ƙarshe kuma a goge a kan fata da wani gari mai suna seriyam har sai mutum ya ga fitilar ɗakin a fuskar dutsen.

A faɗe aikin ba shi da wuya, amma akwai tarko a cikinsa wanda kusan kowa ke faɗawa. Jiƙaƙƙen dutse yana ɓoye karce, don haka mai gaggawa sai ya tsallake daga faifai zuwa faifai yana ganin komai sumul, sai ya kai ƙarshe ya shanya dutsen ya ga layuka kwance a kansa, waɗanda faifai mai lamba 3000 ba zai taɓa iya cirewa ba. Dattijon da ya koya mini yana da dabara a kan wannan. Kafin ka bar kowane faifai, sai ya sa ka shafe tudun gaba ɗaya da baƙin alƙalamin maka, ka koma ka goge, duk inda baƙi ya maƙale to can ne rami ko karce ya rage. Sau uku ya mayar da ni faifai na uku a kan dutsena na farko, bai ɗaga murya ba, bai kuma karɓi dutsen daga hannuna ya yi mini ba. Tsohon makanikin jirgin ƙasa ne, ya kusa sa'an mahaifina, kuma har yau bakina bai iya kiran sunansa gatsau kamar yadda kowa ke yi a wurin ba. Na ce masa a wajenmu wanda ya koya maka abu Malam ake ce masa, ya ce ya karɓa, yanzu har wasu mambobin sun ɗauka.

A wajensa na fara jin ma'aunin taurin duwatsu, wanda wani Bajamushe mai suna Friedrich Mohs ya tsara a 1812, daga 1 zuwa 10. Daimon ne a 10, safaya da yakutu a 9, tofaz a 8, aƙiƙ da jasfa da sauran dangin kwaz a wajen 7, turkuwas, wato fairuz, tsakanin 5 da 6, koren dutsen nan malakait kuma ƙasa da 4. Sanin wannan ba don burge jama'a ba ne. Hannun da ya saba da aƙiƙ, idan ya danna malakait da irin wannan ƙarfi, cikin ƙiftawar ido zai cinye rabin dutsen. Kuma ƙurar da ke yawo a iska tana ɗauke da ɓurɓushin kwaz, shi ya sa dutsen da taurinsa bai kai 7 ba yakan dushe da wuri idan aka yi zoben yau da kullum da shi, gara a yi masa abin wuya ko 'yan kunne.

Bayan darasin ne aka tambaye ni ko zan iya ba da 'yan sa'o'i. Aikin da aka fara ba ni shi ne wanda kowa ke gudu, wato kwashe dagwalon babban zarto. Wannan zarton ba shi da haƙora ko ɗaya, faifan ƙarfe ne mai faɗin inci 24 da garin daimon a bakinsa, yana juyawa cikin mai a rufaffen akwati, injin yana tura masa dutsen a hankali ƙwarai har yanka ɗaya na iya cin fiye da rabin sa'a. Garin dutsen da ya fita yana kwanciya a ƙasan akwatin ya gauraya da mai ya zama kamar taɓon kududdufi. Sai an tsiyaye man, an kankare taɓon da ludayin ƙarfe, an zuba shi cikin jakunkunan takarda da aka jera a kan bokiti domin mai mai kyau ya tsattsafo a sake amfani da shi. Aiki ne na yini guda, kuma warin man yana bin tufafi har gida. Duk da haka ina ganin wannan shi ne darasi mafi amfani da na samu a wurin, domin wanda ya zura hannunsa cikin injin ya ga yadda abin matsewa yake kama dutse da yadda faifan yake zaune a kan sandarsa, ba zai ƙara kallon zarto a matsayin akwatin da ake danna wa maɓalli kawai ba.

Bayan wata shida aka sa ni cikin masu kula da ɗaki. Mai kula da ɗaki shi ne ke buɗewa, ya cika tankunan ruwa, ya duba fayafai, ya rubuta sunan duk wanda ya shigo, ya tabbatar kowa ya sa gilashin kare ido ya ɗaure dogon gashi ya naɗe hannun riga, kuma shi ne na ƙarshe da zai fita. A mako na uku da fara wannan aiki na yi kuskuren da har yanzu ina jin nauyinsa. Wani mamba ya ɗaura wani dunƙulallen dutse a zarto bai sa masa katakon tokare ba, ni kuma na ji nauyin in duba aikin mutumin da ya girme ni ya kuma riga ni shiga. Yanka ya kai tsakiya dutsen ya zame, faifan ya lanƙwashe, aka ji wata ƙara mai tsinka zuciya. Faifai irin wannan ɗaruruwan daloli ne, kuma zarton ya yi kusan wata guda a kulle. Kwamitin bai caje ni ba, bai caji mutumin ba, amma aka ƙara doka cewa dole mai kula da ɗaki ya jijjiga kowane dutse da hannunsa kafin a rufe murfi, ko na shugaban ƙungiya ne. Yadda suka ɗauki lamarin shi ya sa na ci gaba da zuwa, kuma tun daga ranar na daina bari kunya ta hana ni dubawa.

Inda ƙungiyar ta fi burge ni shi ne batun ƙura, kuma a nan ba ta wasa ko kaɗan. Ranar farko da na ɗauki tsintsiya zan share ɗakin guga, wata dattijuwa ta taso da sauri ta karɓe ta, ta miƙo mini jiƙaƙƙen tsumma. Aƙiƙ da jasfa kusan gaba ɗayansu silika ne, kuma garinsa mafi laushi, wanda ido ba ya gani, idan ya shiga huhu ba ya fita. Shekara da shekaru yana tara tabo har numfashi ya gagara, cutar da likitoci ke kira silikosis, kuma ba ta da magani. Ruwan da ke ɗiga a kan fayafai yana sanyaya dutse, amma babban aikinsa shi ne danne wannan ƙura. Saboda haka ba a guga a bushe, ba a shara a bushe, ba a cin abinci a ɗakin, kuma masu aiki da malakait, wanda ke ɗauke da tagulla, ko da ɓawon kifin teku, sai sun ƙara da takunkumin hanci na musamman. Duk wanda ya tuna abin da ya faru a ƙauyukan Zamfara a 2010, lokacin da ƙurar dutsen zinare mai gubar dalma da ake niƙawa a cikin gidaje ta kashe yara sama da 400, ba zai ga tsananin wannan doka ba. Ni dai ban taɓa jin nauyin tsayar da inji ba idan na ga ruwansa ya ƙafe, ko da mai aikin zai ɓata rai.

Ɗakin azurfa ƙarami ne, teburansa shida, kuma samun gurbi a darasinsa yana bukatar jira. A nan ake koyon yadda za a yi wa dutse gida. Azurfar da aka fi amfani da ita ita ce mai hatimin 925, wato kashi 92.5 cikin ɗari azurfa, saura tagulla domin ta yi ƙarfi, amma siririn zagayen da ke rungume dutsen akan yi shi da tsantsar azurfa, saboda ta fi laushi, ana iya kwantar da ita a kan dutsen ba tare da an fasa shi ba. Abin liƙi hawa uku ne, mai wuyar narkewa da matsakaici da mai sauƙi, ana farawa da mai wuya domin wutar liƙi na biyu kada ta kwance na farko. Tsantsar azurfa tana narkewa a wajen digiri 962, mai hatimin 925 kuwa tun wajen 890, don haka sakaci na daƙiƙa kaɗan da wutar gas ya isa ya mayar da aikin yini guda ɗan dunƙule. Bayan wuta ana tsoma aikin cikin ruwan tsami mai ɗumi, kuma da awartakin tagulla ake ciro shi, domin na baƙin ƙarfe yana ɓata ruwan ya sa azurfa ta fito da ja-ja. Wanda ya taɓa zama kusa da maƙeran fari a gida zai gane rabin abin da ake yi, bambancin kawai gawayi da zugazugi sun koma tukunyar gas. Hatta zubin kaki da suke alfahari da shi, wanda ake siffata abu da kaki a lulluɓe shi a narkar da kakin a zuba azurfa a gurbinsa, shi ne dai hanyar da maƙeran Agadas ke bi wajen yin shahararren abin wuyan nan nasu, su da yumɓu, a nan kuma da farin gari da murhun lantarki. Da na nuna musu hotonsa, malamar ɗakin ta daɗe tana kallon zanen da ke jikinsa, ta ce wanda ya yi wannan da hannu ba shi da abin koya a wajenta. Zobena na farko na azurfa ne da ɗan jasfa, na kai wa ƙanena, kuma ya dace tun da azurfa ce addini ya halatta wa maza.

Zama a Arizona ya sa turkuwas, shuɗin dutsen da masu zobba a wajenmu suka fi sani da fairuz, ba ya barin bakin mutanen ƙungiyar. Shi ne dutsen da jihar ta ɗauka a matsayin alamarta tun 1974, kuma yana fitowa ne a wuraren da ake haƙar tagulla, irin su Kingman da Bisbee da Morenci da Globe. A nan na koyi cewa mafi yawan wanda ke kasuwa an shayar da shi roba domin ya yi ƙarfi, abin da ba laifi ba ne muddin an faɗa wa mai saye, da kuma cewa akwai wani farin dutse mai suna haulait da ake rinawa shuɗi a sayar da sunansa. Ƙungiyar tana tilasta wa duk mai baje kaya a teburinta ya rubuta gaskiyar abin da yake sayarwa. Haka kuma tana gargaɗi sosai a kan kwaikwayon aikin Navajo da Zuni, ƙabilun asalin yankin da suka shahara da haɗa azurfa da turkuwas: akwai dokar tarayya ta 1990 da ta haramta sayar da abu da sunan aikin waɗannan ƙabilu alhali ba su suka yi ba. Fita daji neman dutse ma tana da ƙa'idarta. Ana yin ta ne lokacin sanyi, domin zafin bazara a nan yakan wuce digiri 43, kuma jagora yana karanta doka kafin a sauka daga mota. Itacen da ya zama dutse, alal misali, a filayen gwamnatin tarayya da aka yarda a ɗiba, mutum ba zai wuce kimanin kilo 11 da ƙarin dutse guda ɗaya a rana ba, ko kilo 113 a shekara, kuma ba na sayarwa ba, a cikin gandun Petrified Forest kuwa ko tsakuwa ɗaya ba a ɗauka.

Aibobin wurin ba ƙanana ba ne, kuma ban ga amfanin ɓoye su ba. Na farko shi ne lokaci. Yawancin mambobi sun yi ritaya, don haka an tsara ranakun buɗewa da safiyar ranakun aiki, mai zuwa ofis ko asibiti ba shi da rabo sai Asabar da yammaci ɗaya a mako. Ranar Asabar kuwa ɗakin yakan cika, injinan guga ba sa isa, layin babban zarto yana iya kai mutum makonni biyu. Dalilin da ya sa na karɓi mabuɗi ke nan, domin in ba a sami masu aiki irina sun buɗe a ƙarshen mako ba, matasa za su ci gaba da rajista suna ɓacewa bayan wata biyu. Na biyu, kuma shi ya fi damuna, nauyin ya taru a wuyan mutane kaɗan. Sunaye a littafin rajista suna da yawa, amma masu zuwa ranar gyara ba su wuce a ƙirga da yatsun hannu biyu ba, kuma kusan dukkansu sun haura saba'in. Malam shi kaɗai ne ya san yadda ake daidaita babban zarto, kuma ilimin yana kansa, babu takarda ɗaya da aka rubuta. Lokacin da aka yi masa aikin gwiwa, injin goga biyu suka tsaya har ya dawo. Na sha kawo wannan magana a taron wata-wata, kowa ya gyaɗa kai, sai dai bana ne ya yarda nake binsa da littafi ina rubuta abin da hannunsa ke yi, ina ɗaukar hoto mataki-mataki.

Akwai kuma dokokin da ba a rubuta ba waɗanda sabon shiga ke karo da su, kamar kujerar da wane ya saba zama da injin da wance ke ɗauka nata ne, kuma ba kowane dattijo ke da haƙurin Malam ba. Na ga wata yarinya da aka yi wa gyara da kakkausar murya a gaban jama'a, ba ta sake dawowa ba, abin ya tsaya mini a rai. Ta fuskar addini kuwa ban ga matsi ba. Da na ce ina bukatar wurin sallar azahar, aka ba ni ɗakin ajiyar littattafai, kuma a walimar ƙarshen shekara ma'ajiyar ƙungiya ta ɗauki al'adar rubuta abin da ke cikin kowane kwano, saboda naman alade yana yawan shiga girkinsu.

Sau ɗaya a shekara ƙungiyar tana baje koli na kwana biyu, wanda daga shi take samun mafi yawan kuɗin haya, kuma shi ne aikin gayya na gaske: ɗaukar tebura, jan waya, sayar da tikiti, kwashe kaya da dare. Ni teburin yara nake tsayawa, inda ake raba musu duwatsun da aka goge a cikin wata ganga mai juyawa, wadda ke kwana tana juyi kusan wata guda ana canza mata gari duk mako daga mai kaushi zuwa mai laushi. A watan Fabrairu kuma akan haɗa mota a tafi babban baje kolin Tucson, wanda aka fara a 1955 kuma yanzu yana cikin mafi girma a duniya. A can na tsaya gaban wani tebur cike da turmalin da akwamarin da safaya, an rubuta Najeriya a jikin kowane kwano, dukkansu ɗanye kamar yadda suka fito daga rami. Wanda ya san Jos ya san yadda ake hada-hadar waɗannan duwatsu, ya kuma san safayar Mambila. Akasarinsu suna barin ƙasar ba a yanka ba, a kai su Bankok ta Tailan ko Jaipur ta Indiya ko Idar-Oberstein ta Jamus, inda ake fitar musu da fuskoki kuɗinsu ya ninka. A ƙungiyarmu akwai wata tsohuwar malamar makaranta da ke yin wannan yankan a kan injin da bai fi keken ɗinki girma ba, tana fitar da fuska 57 a kan dutsen da bai kai ƙwayar gyaɗa ba, kuma a nan ta koya, kyauta, daga wani mamba da ya rasu. Na dawo daga Tucson na sa sunana a layin darasinta, har yanzu ban kai ba.

Ga wanda ke zaune a ƙasar da ake da irin wannan ƙungiya, ina ba shi shawarar ya shiga, da sharaɗin ya san abin da zai tarar. Idan burinsa ya koyi sana'a cikin wata uku ya buɗe shago, makarantar kuɗi ta fi masa, domin a nan babu mai gaggawa kuma babu takardar shaida. Idan kuwa yana da Asabar da zai iya bayarwa, to kada ya tsaya a biyan rajista, ya nemi aiki tun makon farko, ya fara da wanda ake gudu. Masu ilimin wurin suna buɗe bakinsu ne ga wanda suka gani da mai har gwiwar hannu, kuma abin da na koya ina riƙe wa Malam fitila yana kwance inji ya ninka abin da na koya a darasi. Ya zo da tsofaffin tufafi, da takalmi rufaffe, da abin toshe kunne, kuma kada ya sayi ko da inji ɗaya na kansa sai ya shekara.

Tsakiyar kakata kuwa ba a goge ta ba. Ranar da na kawo ta, Malam ya ɗaga ta a gaban fitila ya nuna mini cewa an huda raminta ne daga ɓangare biyu suka haɗu a tsakiya da ɗan karkacewa, alamar aikin hannu, ya kuma ce irin wannan jan aƙiƙ an daɗe ana yinsa a Khambhat ta Indiya, daga baya kuma a Idar-Oberstein ta Jamus, ana kai wa kasuwannin Afirka. Ya ce minti goma sun isa faifai ya share ɓallin, amma zai tafi da santsin da wuyan mata suka yi mata tsawon shekaru, kuma wannan babu injin da ke mayar da shi. Ya ce in ajiye ta sai na iya liƙi. Bayan wata goma sha huɗu na yi mata 'yan huluna biyu na azurfa, ɗaya ya rufe gefen da ya ɓalle, na zura ta a siririyar sarƙa, kuma 'yata ce ta sa ta a ƙaramar sallar da ta wuce.